Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Jigawa Kan Baburan Da Ake Saya Don Rabawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ku baki ɗaya, ku ciyamomi 27 da kansilolinku da ma'aikatan da ke rubuta muku takardun saye, ina roƙon ku ara mini hankalinku a kan wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami, alhali kuwa kuɗin jama'a masu yawa suna bi ta cikinsa. Ni tsohon malamin gona ne daga ƙasar Gumel. Na kama aiki tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, kuma har na yi ritaya ban taɓa zagaya ƙauyukan da aka ba ni da wani abin hawa ba in ba babur ba. Babura biyar suka tsufa a hannuna, na tura wasunsu da ƙafa a cikin yashi, na kwana da wasu a rumfar bakanike, saboda haka abin da zan faɗa a kansu ba a kanti na ji shi ba.

Dalilin wannan takarda wani babur ne da yake jingine a bayan rumfar bakanikenmu. Shekarun baya wani mai neman kujera ya raba babura a filin makarantar firamare ta garinmu, kowanne da ledarsa a kan kujera, tankinsa yana ɗaukar ido, aka yi kiɗa aka yi guɗa, kuma ɗan maƙwabcina yana cikin waɗanda suka samu. Sunan da ke jikin tankin ban taɓa jin sa ba kafin ranar, ban kuma sake ganin sa a kan wani sabon babur ba tun daga nan. Yaron ya kama acaɓa da shi tsakanin garinmu da kasuwannin kewaye, yana kawo wa mahaifiyarsa cefane, har damina ta biyu ta shigo inji ya fara hayaƙi. Da aka sauke shi aka tarar fistin da ringi sun cinye, wanda ba abin mamaki ba ne ga babur mai aiki kullum. Abin mamakin shi ne an aika Gumel ba a samu girmansu ba, an aika Haɗeja ba a samu ba, an ba direba saƙo zuwa Kano ya dawo da wanda ya yi kama amma bai zauna ba. Ina zaune a kan benci bakaniken ya juya tsohon fistin a tafin hannunsa, ya ce da ni, "Baba Malam, wannan babur ba shi da dangi. Ko na yi masa dabara ya tashi yau, jibi zai dawo." Wannan kalma ta dangi ita ce nake so ku riƙe, domin a karkara ita ke raba babur mai rai da tarin ƙarfe.

Kafin a yi maganar sunan kamfani, ya kamata a tuna irin wahalar da muke ɗora wa babur. Jiharmu daga jigayi ta samo sunanta, kuma duk wanda ya sauka daga kwalta a yankin Maigatari ko Sule Tankarkar ko Babura ya san yadda yashi yake riƙe taya har inji ya riƙa kuka a giya ta ɗaya. Da hunturu ƙura tana shiga duk inda iska take shiga, da damina kuma mutanen Auyo da Guri da Kiri Kasamma sun san taɓo da ruwan da ke kai wa ga salansa. A kan wannan hanya ake ɗaura buhu biyu na riɗi, ko jarkoki huɗu, ko akuya da mai ita, ko mai naƙuda da uwarta a tsakiyar dare. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, matasa da yawa suka komo gida da baburansu, acaɓa ta zama sana'ar ƙauye sosai. Babur ɗin da zai yi shekaru a birni yana kai mai shi ofis da dawowa yana iya gajiya a nan kafin a ci kaka biyu.

A wajen ƙarko, a ganina, har yanzu ba a kamo Honda ba, kuma dalilin yana cikin tarihin yadda suka ƙera baburansu. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyinsa suka zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Iran da Pakistan domin su ga dalilin da ya sa baburansu suke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutane ba sa yin juye sai baƙin mai ya zama kamar kwalta, ba sa kai babur wurin gyara sai ya tsaya cak, matatar iska ta takarda tana toshewa da ƙura, sannan mutum uku ko huɗu ne a kan babur ɗaya. Maimakon su tsaya zargin masu hawa, sai suka koma gida suka sake tunani. Injin da suke da shi a lokacin, sandar da ke buɗe bawul tana can saman inji ne, inda mai yake wuyar kaiwa idan ya yi datti, kuma sarƙa ce ke juya ta. Sai suka sauko da ita ƙasa kusa da inda mai yake taruwa, haƙoran giya suna juya ta, wasu gajerun sanduna suna tura bawul daga ƙasa, suka kuma sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan shi ne CG125 da ya fito a 1975, wanda har yau ake ƙera shi a Pakistan, kuma kamfanonin Sin da dama suka kwaikwayi injinsa. Na daɗe a kan wannan labari ne saboda shi ne ma'aunin da nake auna kowace sabuwar fasaha da shi: an yi ta ne bayan an je an ga yadda talaka yake amfani da babur, ko an yi ta ne domin ta yi kyau a hoton talla?

Honda ba baƙo ba ne a ƙasar nan, yana da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun tun 1979, kuma a 2011 ya fito da Ace CB125 musamman domin 'yan acaɓa, a kan kusan naira 100,000 a lokacin. Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗinsa ya fi na abokan takararsa, kayan gyaransa na asali ma sun fi tsada, kuma ba kowane shagon ƙauye ne yake ajiye su ba. Idan hukuma za ta ba ma'aikacinta babur da zai riƙe shekara da shekaru, mutum ɗaya yana hawa yana kula da shi, ban ga wanda ya fi shi ba. Idan kuwa yaro za a ba ya nemi abinci da shi, wanda zai riƙa sayen kayan gyara daga cinikin yini, lissafin ya canja.

Mu da muka fara aiki da Suzuki da Yamaha masu inji mai bugu biyu, wato wanda yake ƙona mai duk lokacin da fistin ya hau ya sauka sau ɗaya, ba za mu manta da alherinsu ba. Injinsu ba shi da bawul, kayan cikinsa kaɗan ne, yaron bakanike ma yana iya sauke shi da safe ya ɗaure kafin azahar, ga kuma zafin nama a yashi. Jincheng na birnin Nanjing da ya cika ƙasar nan daga baya a kan tsarin Suzuki AX100 aka gina shi, kuma a ba shi haƙƙinsa, shi ne ya sa malamin firamare da ƙaramin manomi suka mallaki babur. Amma irin wannan inji yana ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma wani kaso na fetur ɗin yana ficewa ta salansa ba tare da ya ƙone ba, shi ya sa yake hayaƙi yake kuma shan mai. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba ana iya kawar da kai. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki ta kuma ci gaba da hawa, zamanin bugu biyu ya wuce ga duk wanda zai yi sana'a.

Wanda ya gaje filin shi ne Boxer na kamfanin Bajaj da ke Pune a ƙasar Indiya, kuma ba da farfaganda ya gaje shi ba. Bajaj ya yi shekaru yana aiki da fasahar Kawasaki ta Japan kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma hanyoyin karkarar Indiya ba su fi namu daɗi ba, saboda haka babur ɗin ya zo da doguwar kujera, da kariyar ɗora kaya mai ɗaukar nauyi, da inji mai bugu huɗu, wanda sai fistin ya hau ya sauka sau biyu yake ƙona mai sau ɗaya, marar haɗama. Ba shi ne ya fi kowa gudu ba, ba shi ne ya fi kowa kyau ba, kuma ba na jin injinsa zai kai na Honda tsawon rai idan aka ba su kulawa iri ɗaya. Abin da ya fi kowa da shi dangi ne. Babu kasuwar ƙauyen da za ka shiga ka rasa fuloginsa da takalmin birkinsa da wayar kulocinsa, babu inuwar darbejiyar da bakanike yake zaune a ƙarƙashinta bai san cikinsa ba, kuma idan mai shi ya matsu, ranar kasuwa ɗaya ta isa dillali ya sayar masa da shi da daraja. Ranku ya daɗe, wannan daraja ta biyu ita ce ba a rubutawa a takardar ɗan kwangila. Yanzu da sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, ga iyali da yawa shi ne kadara ta biyu bayan gona, shi ake sayarwa idan rashin lafiya ta taso ko za a sayi taki, kuma babur marar dangi ranar da aka fitar da shi daga kwali rabin kuɗinsa ya tafi.

TVS, wanda masana'antarsa ke Hosur a kudancin Indiya, shi ma a hannun Suzuki ya yi koyo har suka rabu a 2001, kuma samfurinsa HLX domin kasuwannin Afirka aka tsara shi. Matasan da ke hawa shi suna yaba laushinsa a hanya mai gargada da ƙarancin shan mansa, kuma a garuruwan da dila yake kusa yana ba Boxer ciwon kai. Hukuncinsa a wurina ya danganta ne da wuri: inda kayansa suka wadata zaɓi ne mai kyau, inda kuwa sai an aika birni, gara a bi abin da bakaniken yankin ya saba da shi.

Ina so in gyara wani kuskure da mu kanmu muke yi, wato haɗa duk baburan Sin a buhu ɗaya a kira su jabu. Haojue da ke Jiangmen a lardin Guangdong abokin aikin Suzuki ne na shekaru masu yawa, kuma duk wanda ya riƙe shi ya san ba tsarar na banza ba ne, kuɗinsa ma yana faɗa. Lifan da ke Chongqing ya kafu har sunansa ya kusa zama sunan roba-roba a bakin mutanenmu. Matsalar ba ƙasar ba ce. Matsalar ita ce ɗan kasuwan da zai yi odar kwantena ɗaya ko biyu, ya zaɓi mafi arhar kowane sashe, ya sa a buga masa sunan da ya ga dama a tanki, ya sayar wa mai neman cika adadi, sannan ya koma sayar da wani abu daban. Irin wannan ne ya faɗo wa ɗan maƙwabcina. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ga inda ta yi ado na ɗan lokaci sannan ta bar yaro da bashi.

Shi roba-roba jikan Super Cub ne da Honda ya fitar a 1958, babur ɗin da a 2017 aka cika ƙera miliyan 100 nasa, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa yi. An tsara shi ne yadda ɗan aike zai iya tuƙa shi ba tare da matsa kuloci da hannu ba, aka rage tsayin tsakiyarsa, aka rufe sarƙarsa. Ga ma'aikacin asibitin karkara ko malamin makaranta ko dattijo mai babbar riga da yake bin kwalta da burji, babu kamar sa wajen sauƙi da tattalin mai. Amma na sha ganin an ba mutumin da aikinsa yake cikin jigawa roba-roba, cikinsa yana jan yashi, robobinsa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, har a ce babur ɗin ba shi da kyau, alhali an aike shi inda ba a yi shi domin zuwa ba.

A kan sabbin fasahohi kuma, ba na cikin tsofaffin da ke ƙin duk abin da bai zo a zamaninsu ba. Na ga ranar da aka bar gyaran foyin, ɗan maɓallin da ke sakar wa fulogi wuta, aka koma wutar CDI, wato ƙaramin akwatin lantarki mai yin wannan aiki, kuma wanda ya taɓa tsugunawa a daji da ɗan ƙarfe yana goge foyin ba zai so a koma baya ba. Fulogi biyu a silinda ɗaya da Bajaj ya sa wa Pulsar a 2003 dabara ce ta gaske domin mai ya ƙone sosai. Wurin cajin waya da wasu sabbin babura suke zuwa da shi ba wasa ba ne ga ɗan acaɓan da fasinjojinsa ta waya suke kiran sa, a garin da wuta ba ta zuwa. Amma ku yi hattara da abubuwa biyu. Na farko injekta, na'urar da ke fesa wa inji mai a madadin kafireta, wadda dokar hayaƙi ta 2020 a Indiya ta sa ta mamaye baburan can. Tana tattalin mai, amma tana son fetur mai tsabta da batir mai lafiya da na'urar gano ciwo, mu kuwa yawancin manmu daga galan ɗin 'yan bumburutu yake fitowa, wani lokaci da ruwa da tsaki a gindinsa. Kafireta idan ta toshe, bakanike zai kwance ta a kan tsumma, ya wanke da fetur, ya hura da baki, mai babur ya kama hanya. Na biyu ƙafar alminiyam da ake yayi. Ƙafa mai sifok idan ta faɗa rami ta lanƙwashe akwai mai ɗaure ta a kowace kasuwa, ita kuwa waccan idan ta tsage sai dai sabuwa. Haka nan babur mai amfani da iskar gas da Bajaj ya fitar a Indiya a 2024, da masu amfani da lantarki da aka fara gani a manyan birane, ina yi musu fatan alheri, amma kada a raba su a ƙauye kafin a kai wurin cika su.

Gaskiya ɗaya kuma da ba za ta yi wa matasanmu daɗi ba ita ce rabin mutuwar babur daga hannun mai shi take. Yaro zai karɓi sabo, kafin sati ya cire murfin sarƙa domin gayu, yashi ya samu ƙofa ya cinye sarƙa da sifaket cikin 'yan watanni. Zai cire soson matatar iska wai domin ya ƙara gudu, ƙura ta shiga ta zama kamar takardar goge katako a jikin silinda. Zai sayi baƙin mai na awo a kwalba wanda ba a san asalinsa ba, ya kuma wuce lokacin juye saboda ciniki bai yi kyau ba. Babu kamfanin Japan ko Indiya da ya ƙera injin da zai jure wannan har abada. Saboda haka rabon babur ba tare da zaunar da masu karɓa na yini ɗaya a gaban gogaggen bakanike ba, rabin aiki ne.

Roƙona, ranku ya daɗe, ba shi da tsada. Kafin a rubuta sunan babur a takardar saye, a tura mutum ya tsaya a tashar 'yan acaɓa ta Gujungu ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya ƙirga da idonsa irin baburan da ke ɗauke da kaya, domin waɗannan mutane da guminsu suka saya kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan ya zauna da bakanike uku ko huɗu na yankin da za a kai baburan, ya tambaye su wanne ne suke samun fistinsa da ringinsa da gaskit ɗinsa ba tare da an aika Kano ba, ya kuma tambayi dillalai nawa kowanne yake yi bayan shekara uku. Idan ɗan kwangila ya kawo sunan da waɗannan mutane ba su sani ba, a ce ya kawo guda biyu a ba 'yan acaɓa su yi damina ɗaya da rani ɗaya da su kafin a yi maganar ɗari. A sayi kaya a hannun dilan da kamfani ya amince da shi, a karɓi rasit mai lambar inji da lambar jiki da takardar garanti, a miƙa wa wanda aka ba tare da makulli, domin babur marar takarda ko an sace shi mai shi ba ya iya kai ƙara, ko ya so sayarwa sai a taya shi a wulaƙance. Kuma idan kuɗin da aka ware zai sayi nagari 60 ko marasa dangi 100, ina roƙon ku da girman Allah ku ɗauki 60 ɗin, duk da na san layin ɗari ya fi cika ido ranar taro.

Ɗan maƙwabcin nawa yanzu babur ɗin wani yake ja, yana kai balas kowane dare. Nasa kuwa yana nan inda bakanike ya jingine shi, an cire tayoyin an sa wa amalanke, fitilar ta koma jikin wani Boxer, kuma wata kaza ta mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Duk wanda hanya ta biyo da shi ƙasar Gumel daga cikinku, ko ya aiko magatakardansa, zan kai shi ya gani, tsohon fistin ma yana cikin gwangwanin da bakaniken yake tara notuna.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Tsohon malamin gona,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.